Ajin adon harshe na WhatsApp da na biya wa ƙanwata: ya ci kuɗinsa ko bai ci ba?

Mutane da dama sun tambaye ni game da ajin Hausar nan da ake yi a WhatsApp na 'yan SS3, wanda wani malami yake koyar da adon harshe da nazarin waƙa saboda masu shirin WAEC da NECO da JAMB, toh maimakon in yi ta amsa wa kowa ɗai-ɗai gara in rubuta a nan kowa ya gani. Ba zan kama sunan malamin ba don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan ɗan taɓa shi, sannan ba talla aka ba ni ba, kuɗina na sa. Ƙanwata ce ɗalibar amma da yake Baba ya ce ba waya sai ta gama sakandare, da lambata aka yi rajista, saboda haka duk abin da aka turo ta hannuna yake bi, har ni ma na koma ɗan aji ban shirya ba.

Tsarin dai ba wani abu mai wahala ba ne. N2,000 ne a wata, ka tura ta banki ko Opay, ka aika wa admin sikirinshot, shi kenan a jefa ka guruf. Darasi bayan isha'i ne, Litinin da Laraba da Asabar. Malam zai turo boyis guda biyu ko uku, kowanne bai cika wuce minti goma ba, sai PDF ɗin darasin ya biyo baya, sai tambayoyin canki-canka irin na JAMB, ranar Lahadi kuma jinga. Iyakar abin ke nan.

Abin da ya sa nake ganin ajin nan ya bambanta da lesin ɗin da muka saba gani shi ne ta inda malamin yake shiga darasi. Mu lokacinmu malami zai shigo ya rubuta a allo, kamantawa ita ce kaza da kaza, siffantawa ita ce kaza da kaza, mu kwafa mu haddace, ranar jarabawa a kawo baiti a ce wane adon harshe ne a nan, sai ido ya raina fata, don ma'anar muka haddace ba mu taɓa ganin abin a cikin magana ba. Shi wannan bawan Allah a darasin farko cewa ya yi kar wanda ya buɗe littafi. Ya ce kowa ya je ya kasa kunne a gida, ya rubuto maganganun da ya ji daga bakin Umma ko Inna ko kaka musamman in ana faɗa, a turo masa. Wallahi ranar na yi dariya har da hawaye. Wata ta turo "kin zauna kamar an dasa ki", wani ya turo "na kira ka ya fi sau dubu", wata "yaron nan dogon hannu gare shi", wani kuma "kai dai jaki ne". Ita tamu ta rubuta abin da Umma take yawan gaya mata, "bakinki ya fi reza kaifi", ta zo tana tambayata wai Yaya in tura ko Umma za ta ji haushi, na ce tura mana ai gaskiya ta faɗa.

Sai da suka tara masa maganganu sannan ya fara bi ɗaya bayan ɗaya yana laƙa musu suna. "Kamar an dasa ki" kamantawa ce, ga kalmar kamar nan a fili. "Ya fi reza kaifi" ita ma kamantawa ce amma ta fifiko. "Sau dubu" kambamar zulaƙe, don ba wanda ya ƙirga. "Dogon hannu" kinaya, an sakaya sata ba a kira ta da sunanta ba. A dare ɗaya yara sun tafi da abu huɗu a kansu, kuma ba haddacewa suka yi ba, tunawa kawai za su yi da muryar uwarsu. Ni a wajena wannan kaɗai ya biya kuɗin watan farko.

Bangaren kamantawa ya yi shi da kyau sosai. Ya raba musu ita uku yadda take a littattafan nazari, ta daidaito inda ake cewa abu kamar abu ne ko tamkar ko sai ka ce ko awa, ta fifiko inda ake cewa ya fi ko ya zarce ko ya ɗara, da ta kasawa inda ake cewa bai kai ba ko ya gaza. Ya ce musu in kun shiga ɗakin jarabawa kar ku tsaya dogon tunani, ku fara farautar waɗannan ƙananan kalmomi, in kun gan su to da wuya ba kamantawa ba ce, in babu su kuma aka ce wane abu kaza ne kai tsaye to ku duba siffantawa. Ya kawo "hassada ga mai rabo taki ce" wadda kowa yake gani a bayan tifa da a daidaita sahu, ya ce ku duba ba a ce kamar taki ba, cewa aka yi taki ce. Ya kawo kirarin Kano, tumbin giwa, ya ce gari ne sukutum aka mayar cikin giwa saboda abin da yake iya haɗiyewa na jama'a da dukiya. Ya kawo Katsina ɗakin kara. Yaran Katsina da na Kano suka ɗan taɓa tsiya a guruf ɗin kafin admin ya tsawatar, wannan ma dai nishaɗi ne.

Inda na fi jin daɗinsa, kuma inda na tabbatar mutumin ya san abin da yake yi ba kwafo ya yi daga intanet ba, shi ne wajen jinsintarwa, wato a ba abu halin wani jinsin da ba nasa ba, wadda ta ƙunshi mutuntarwa da abuntarwa da dabbantarwa. Mutuntarwa ba ta ba yara wahala, "talauci ya yi mana sallama", "rana ta leƙo", dila malamin daji, duk an ba abin da ba mutum ba hali ko aikin mutum. Abuntarwa ma haka, ka mayar da mutum wani abu marar rai, "ta narke a gabansa", "tsohon nan ya zama bango, kowa shi yake jingina". Rikicin yana wajen dabbantarwa. Wani yaro mai kaifin kai ya yi tambaya, ya ce Allah gafarta Malam, in aka ce sarki zaki ne ko giwa ne, siffantawa ce ko dabbantarwa, tunda ga shi an ce shi abu kaza ne kai tsaye kuma ga shi abin dabba ne? Da wani malamin ne sai ya zaɓi ɗaya ya ce haka ne kawai ku rubuta. Shi ko sai ya yi boyis mai tsawo ya ce gaskiya nan wuri ne da abubuwa biyu suke haɗuwa, za ku ga wani littafin ya sa irin wannan a siffantawa wani ya sa a dabbantarwa musamman a waƙoƙin fada inda makaɗa suke kiran sarki da giwa da zaki da toron giwa da bajimi, ya ce a canki-canka ku duba zaɓin da aka ba ku, galibi ɗaya daga ciki ne zai fito, in kuma duka biyun suka fito to wanda ya fi ƙayyade abin shi ne dabbantarwa, in kuma tiyori ne ku faɗi sunan ku kawo dalili, dalilin shi ke kawo maki. Ya ƙara da cewa inda babu gardama shi ne in an ba mutum aikin dabba ba a kira sunanta ba, kamar "maigidan ya shigo yana gurnani" ko "sai haushi take yi a kan yara". Ni dai wannan amsar ta burge ni, don malamin da zai gaya wa yaro cewa masana ma sun saɓa a nan, ba ƙaramin malami ba ne.

Zambo da habaici kuwa ai nan guruf ya kusa fashewa. Ya ce zambo fito-na-fito ne, ana kama mutum a siffanta shi da muni yadda kowa zai gane shi, ƙaton ciki ko ƙaramin kai ko rowa, kuma makaɗan fada sun shahara da yi wa 'yan sarki masu ja da ubangidansu. Habaici kuma jifa ne a kasuwa, ba a kama suna, mai abin shi ya san kansa. Sai ya ce to kowa ya duba sitatus ɗin mutanen da ke wayarsa ya kawo habaici ɗaya. Jama'a! Tunda wayata ce, sitatus ɗin 'yan uwana da matan abokaina aka bi, abin da ƙanwata ta tono ba zan iya maimaita shi a nan ba saboda zumunci. Amma dai ta gane habaici ganewar da ba za ta manta ba, kuma ta gane bambancinsa da gugar zana da baƙar magana, wadda ita amsa ce mai zafi da ake mayar wa mai tambayar da ba ta da kai.

Wani abin da ya yi wanda ban taɓa gani a lesin ɗin boko ba shi ne haɗa darasin da balagar Larabci. Yaranmu da yawa sun yi Islamiyya, wasu ma sun taɓa jin tashbihi da isti'ara da kinaya a bakin malamansu na can, amma ba su taɓa kawowa a ransu cewa dangin abin da ake tambaya a jarabawar Hausa ba ne. Da ya nuna musu tashbihi ita ce kamantawa, kinaya kuma sunanta ma bai canja ba, sai ka ga yara suna ta turo alamar mamaki. Ya yi musu misalan kinaya da abin da muke faɗa kullum saboda kunya ko ladabi, wane ya riga mu gidan gaskiya, wance tana da juna biyu, zan kewaya, mai ɗakina. Alamtarwa kuma ya kawo rawani a madadin sarauta da kujera a madadin mulki da allo a madadin karatu. Ya kuma gaya musu cewa yawancin sunayen nan da suke haddacewa daga aikin masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero suka yaɗu, mai littafin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, don su san abin yana da tushe, duk wanda ya ci gaba da Hausa a jami'a ko kwalejin ilimi zai sake haɗuwa da su.

Toh yanzu bari in zo inda abin bai yi min ba, don akwai.

Na farko PDF ɗin nan. Ban san da wace irin kwamfuta ake buga shi ba amma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito sai ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya, wani wurin kuma an bar su k da d da b kawai. A darasin lissafi sai a yi haƙuri, amma a darasin Hausa, ga yaran da za a rage musu maki a kan ƙa'idojin rubutu? Ranar da aka yi karangiya, wato jera kalmomi masu sauti iri ɗaya da ke sarƙe harshe, abin ya fi muni, ya kawo zancen nan na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, wanda duk daɗinsa yana wajen karo tsakanin k da ƙ da ƙw, sai ga shi a takarda rabi akwatuna ne. A boyis ya faɗe shi daidai har da sauri yana ba yara dariya, amma wanda ya dogara da takardar bai ga komai ba. An yi ƙorafi, admin ya ce za a gyara, har yanzu da nake rubutun nan haka suke zuwa. Alhali ko a waya Gboard yana da Hausa da duk haruffan nan, ba wani abin kashe kuɗi ba ne.

Na biyu hayaniyar guruf. Mutum sama da ɗari a wuri ɗaya kuma ba a rufe shi lokacin darasi, malam zai turo boyis na ɗaya, kafin na biyu ya shigo an yi sallama hamsin, an turo sitika, wani ya turo tallan atamfa, wani ya turo saƙon nan na tura wa mutum goma. In ba ka kan layi a lokacin, kamar ranar da ba wuta waya ta mutu, sai ka yi ta ja sama kana neman inda darasin yake. Abu mai sauƙi ne, a yi guruf biyu, ɗaya malam kaɗai ke magana ɗaya na tambaya da surutu. Har da wani da ya shigo yana tallan wai yana da ekspo na NECO a tura masa kuɗi, a nan kam na yaba wa malam don a take ya fitar da shi ya kuma yi wa yara nasiha mai zafi, amma da tun farko ƙofar a rufe take ai da bai samu shiga ba.

Na uku shi ne ya fi damuna don shi ya shafi maki kai tsaye. Ajin ya karkata sosai wajen canki-canka. Ga mai JAMB wannan daidai ne, tambaya 40 ce a Hausa, a kwamfuta ake yi tun 2015, ba ruwanka da dogon bayani, ka gane amsa ka danna ka wuce. Amma WAEC da NECO akwai takardar rubutu, inda za a ce ka yi bayani ka kawo misali daga waƙar da aka zaɓa a manhaja, kuma a nan gane sunan adon harshe bai isa ba, sai ka iya rubuta sakin layi mai ma'ana, ka kawo ɗangon, wato layin waƙar, ka faɗi me mawaƙin yake nufi da me ya sa ya faɗe shi haka. Jingar Lahadi ita ce ya kamata ta toshe wannan gurbi amma malam shi kaɗai ne yake dubawa, yara kuma sun yi yawa, sai ka turo aikinka a hoto a mayar maka da alamar babban yatsa kawai. Babban yatsa ba gyara ba ne. Ƙanwata ta taɓa rubuta amsar da ni kaina na ga ta cakuɗa jigo da warwarar jigo, ita ma babban yatsan ta samu.

Haka kuma ɓangaren zubi da tsarin rubutacciyar waƙa an bi ta kansa da gudu. Baiti da ɗango, ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, babban amsa-amo da ƙarami, gangara da saɓi-zarce, tahamisi, duk a dare ɗaya aka haɗa su, alhali gangara da saɓi-zarce kaɗai sun isa darasi guda don yara suna rikita su ƙwarai, ɗaya magana ce ta gangaro daga ɗango zuwa ɗango a cikin baiti, ɗaya kuma ta tsallaka daga baiti zuwa wani baitin. Ka ji malamin ka san waƙar baka ce a jininsa, in ya fara zancen Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos har muryarsa canjawa take yi, yakan ma ce yara su nemi waƙa kaza su saurara kafin darasi na gaba, amma da aka zo kan su Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sai ya zama kamar sauke nauyi yake yi. Su kuwa masu jarabawa ba ruwansu da wanda malam ya fi so.

Akwai kuma maganar adabin Turanci. A tallan da suka yi an ce har da masu Literature za su amfana, za a haɗa musu da su simili da metafo da sauransu. Gaskiya wannan kambamar zulaƙe ce irin wadda malam ya koyar. Sau ɗaya-ɗaya ne yake faɗin sunan abu da Turanci a wuce, ba misali daga waƙoƙin Turancin da ke manhaja, ba komai. In don wannan za ka biya, riƙe kuɗinka.

Data ba ta da yawa, boyis ne da PDF, ba bidiyo, ko da ƙaramin sabis yana sauka in ka yi haƙuri, wannan ya taimaka wa 'yan ƙauye da na ga suna ciki, har da wasu 'yan Maraɗi da Damagaram da suka shigo don sha'awa kawai tunda su ba WAEC suke yi ba. Muryar malam a fili take, ba ya sauri, Hausarsa ta Kano ce amma in misali ya zo da Sakkwatanci ko Katsinanci yakan tsaya ya fassara. Wani lokacin dai ana jin kukan yara da ƙarar janareto a bayansa. Yakan makara, wani daren sai wajen goma darasi zai shigo, lokacin yarinya ta fara gyangyaɗi, ni kuma ina son wayata.

Wa ya dace ya shiga? Yaron da yake jin Hausa a gida amma in an ce adon harshe sai gabansa ya faɗi, wannan ajin nasa ne, cikin 'yan makonni tsoron zai fita. Mai JAMB ma haka. Malaman Hausa na sakandare ma da za su shiga su ga yadda yake jawo misali daga bakin yara da sun ƙaru, na ga biyu-uku a ciki suna ta tambaya ba girman kai. Wanda kuma matsalarsa rubutu ce, bai iya tsara amsar tiyori ba ko ƙa'idojin rubutu suna ba shi wahala, to ya shiga amma lallai ya nemi wani a kusa, malaminsu na makaranta ko wani yaya da ya yi Hausa a NCE, wanda zai riƙa karɓar takardarsa yana bi da jan biro. Kuma a sayi zaɓaɓɓun littattafan manhajar shekarar, a duba da kyau don ana canja su, ajin ba ya maye gurbinsu, malam ma da kansa ya faɗi haka.

Ni na sake biyan na wannan watan. Na kuma yi wa malam magana ta gefe a kan raba guruf da gyaran haruffa da duba jinga, ya amsa da mutunci ya ce yana neman wanda zai taya shi dubawa, in ya samu wataƙila kuɗin ya koma N2,500. Na ce masa in dai za a riƙa mayar wa yara da gyara na gaske ni zan biya ƙarin, in kuma babban yatsa ne za a ci gaba da turowa to a bar shi a yadda yake.